Daga Motar Kara zuwa Tankar Roba: Tarihin Ƙanƙanta Manyan Injuna

A ƙasashe irin su Japan, Ingila, Jamus da Sifen akwai magidanta, wasu har da furfura, waɗanda idan sun taso daga aiki sai su zauna a gaban tebur su shafe awanni suna harhaɗa 'yar tankar yaƙi ta roba wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. A kwali ake sayo ta, gutsi-gutsi, wani lokaci fiye da guda 300. Mutum zai yanke kowane gutsure, ya goge shi da samfefa, ya manna, ya yi fenti, har ya zana mata tsatsa da ƙura kamar wadda ta daɗe a daji. Tanka ɗaya tana iya cin makonni. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa, kuma duk watan Mayu ana babban baje-kolin wannan harka a birnin Shizuoka na Japan.

Bahaushe zai iya cewa wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kurfi ko Dutsin-Ma, ko wani ƙauye da ke tsakaninsu, ya san irin wannan zama, ya san irin wannan haƙuri. Shi dai da kara ya yi nasa, ko langa-langa, ko gwangwanin madara. A wannan rubutu za mu bi tarihin abubuwan biyu, mu ga inda suka haɗu, da kuma abu guda da ya raba su, wato ma'auni.

Motar kara da 'yan'uwanta

Lokacin motar kara shi ne kaka. Da zarar an girbe dawa an kwantar da kara a gona, manya su ɗebi na danga da na girki da na dabbobi, yara kuma su tsinci nasu. Karan dawa kaya biyu ne a jiki ɗaya. Akwai ɓawon waje mai tauri da santsi, akwai kuma totuwar ciki mai laushi marar nauyi. Yaro zai sa haƙori ko reza ya feƙe ɓawon siri-siri, ya yayyanka totuwar daidai tsawon da yake so. Totuwar ita ce katako, sirarran ɓawon su ne ƙusoshi. A soke wannan cikin wancan, a yi shasi, a ɗora bodi, a yi gidan direba. Wani har ƙofa yake yi mai buɗewa. Taya kuwa, a yanko ta daga tsohon silifa ko sakaina, ko a huda marfin kwalba. Sai a ɗaura dogon kara a matsayin sitiyari, a bi lungu ana kukan inji da baki.

Idan muka dubi abin da idon kimiyya, zaɓen da yaran nan suka yi daidai ne. Ɓawon kara cike yake da zaruruwa masu bin tsawonsa, shi ya sa yake jure ja da lanƙwasa. Totuwa kuma yawancinta iska ce a cikin ƙananan ɗakuna, kamar soso. Fata mai tauri a waje da ciki marar nauyi shi ne tsarin da injiniyoyi ke bi yau wajen ƙera wasu allunan jikin jirgin sama.

Sai dai kara ya girmi motar kara nesa ba kusa ba. Kafin zuwan mota, yara na gina doki da raƙumi da sa da laka, 'yan mata na yin 'yar tsana da ƙananan tukwane. Abin da ido ya saba gani shi hannu ke kwaikwaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya wani reshe ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, amma dogo bai ratsa tsakiyar ƙasar Katsina ba. Don haka gyaɗa da audugar wannan yanki a bayan jaki da raƙumi suka riƙa fita, sannan a bayan manyan motocin bodin katako. Babbar mota ce injin da yaron hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya fi sani, ita ce kuma sarauniyar motocin kara.

Cinikin zamanin ya kawo sabon kayan aiki. Langa-langa siririn ƙarfe ne da ake ɗaure dilar kaya da shi, idan an kwance dila sai a yar. Yara suka gano yana lanƙwasuwa kuma yana riƙe siffa, ga shi da ɗan tsalle kamar sifirin. Gwangwanin madara da na sadin su ma suka shigo. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, fijo ta cika hanya, ta shiga jerin abin kwaikwayo. Manyan ayyuka irin madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka kammala a 1983, suka kawo tifa da katafila kusa da gida. Da a ce wani ya adana motocin yaran yankin nan shekara bayan shekara, da ya samu tarihin sufurin ƙasar Katsina a kan kanta guda.

Sarakuna da sojoji ma sun yi

Ƙanƙanta abu tsohuwar ɗabi'ar ɗan Adam ce. A 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade da ya rayu a Masar kimanin shekaru 4,000 da suka wuce. Suka tarar da ƙananan jiragen ruwa na katako, da rumbun hatsi, da masaƙa, da garken shanu ana ƙirga su. Yau suna gidajen tarihi na Alƙahira da Niyok, kuma masana sun koyi abubuwa da yawa game da sana'o'in mutanen wancan zamani daga gare su.

A Faransa, daga 1668, Sarki Louis na 14 ya sa aka riƙa gina masa ƙananan samfuran garuruwan kan iyaka masu ganuwa, akasari a ma'aunin 1 bisa 600. Yana zaune a fada yana ganin ta inda abokan gaba za su iya ɓullowa. A nan samfuri ya tashi daga abin ado ya koma kayan aiki, domin an sa masa lamba: kowane taku ɗaya a kan tebur taku 600 ne a fili.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai abin makarantu. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantun ƙasar su sassaƙa mata ƙananan jiragen sama 500,000 da katako, a ma'aunin 1 bisa 72, a shafe su da baƙin fenti. Dalili shi ne a koya wa masu harbo jirgi bambance na gida da na abokan gaba. Samfurin da aka rataya a nisan mita 10 yana bayyana ga ido daidai da jirgin gaske a nisan mita 720. Kuskuren ɗan sassaƙa a nan yana iya zama ajalin matuƙin jirgi.

Tanka jikar tarakta ce

Ita kanta tankar yaƙi ba ta daɗe a duniya ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun maƙale cikin ramuka a arewacin Faransa, tsakaninsu waya mai ƙaya da taɓo da bindigogi masu ruwan harsashi. Ana neman abin da zai ratsa. Amsar ta fito daga gona: taraktocin kamfanin Holt na Amurka masu tafiya a kan sarƙa, kakannin katafilar da muka sani. Sarƙa tana baza nauyin inji a kan fili mai faɗi, shi ya sa ba ya nutsewa, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi.

Wani kamfanin kayan noma a garin Lincoln na Ingila, William Foster, shi ya ƙera ta gwaji a 1915, wadda aka yi wa laƙabi da Little Willie. Don a ɓoye sirri sai aka riƙa kiran injunan da sunan tankin ruwa, sunan kuma ya bi su. Kun ga ke nan tankin da ke saman gidanku da tankar yaƙi kalma ɗaya ce. An fara shiga yaƙi da su ranar 15 ga Satumba, 1916, a fagen Somme. Daga 49 da aka ware, 32 ne suka iya isa bakin daga. Kowace na ɗauke da mutum 8, gudunta kuma bai wuce kilomita 6 a awa ba. A 1917 Faransa ta fito da Renault FT mai kai a sama wanda ke juyawa ko'ina da bindigarsa, tsarin da tankoki ke bi har yau.

A nan gida mutane kan kira duk wata motar soja mai sulke tanka, amma akwai bambanci. Tanka tana da sarƙa da babbar igwa a kan da ke juyawa. Saladin da Ferret da sojojin tarayya suka yi amfani da su a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 motocin sulke ne masu taya. Ɓangaren Biyafara kuwa sun liƙa wa tsofaffin injuna faranti na ƙarfe sun yi nasu, ana iya ganin wasu a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Daga baya Najeriya ta sayi T-55 ƙirar Tarayyar Sobiyet, da Scorpion da Vickers daga Ingila, sai T-72 a lokacin yaƙi da Boko Haram, da VT-4 daga Chaina a 2020. Makarantar horar da sojojin sulke tana Bauchi.

Yadda roba ta shigo

Robar da ake yin waɗannan samfura da ita sunanta folistarin. Wani mai haɗa magunguna a Berlin, Eduard Simon, ya ci karo da ita a 1839 yana tace ƙaron wata bishiya, amma sai a shekarun 1930 masana'antun Jamus suka fara yin ta da yawa. Kun san ta ko ba ku san sunanta ba: ita ce gidan faifan CD, ita ce kuma farar kumfar da ake kare sabuwar talabijin da ita a kwali, bayan an hura mata iska. Tana fara laushi a wajajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma idan ta narke tana shiga kowane ɗan lungu.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya fahimci dabarar. Su suna narka ƙarfe su zuba a gurbin da suka yi da ƙasa, su fasa gurbin bayan ya huce. A masana'antar roba gurbin na ƙarfe ne mai ɓari biyu, inji ke tura narkakkiyar robar ciki da ƙarfi, ta huce cikin daƙiƙoƙi, a buɗe, a sake. Sassaƙa gurbin ne ke cin kuɗi, amma da an gama shi zai haifi dubban ɗaruruwa iri ɗaya. Firam ɗin da gutsattsarin ke maƙale a jiki idan an buɗe kwali, ai hanyoyin da robar ta bi ne ta daskare a ciki.

Kamfanin Airfix na Ingila, wanda wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Nicholas Kove ya kafa a 1939, da matajin kai na roba ya fara wannan zubi. A 1949 aka ba shi aikin yin 'yar taraktar Ferguson don masu tallar kamfanin su riƙa nuna wa manoma. Wannan Ferguson ɗin ne ya zama rabin sunan Massey Ferguson, jar taraktar da manomanmu suka sani. Haɗa kowace ɗaya da hannu yana da tsada, sai aka fara sayar da ita a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Dabarar rage kuɗi ce ta zama sana'a. A farkon shekarun 1950 suka fitar da wani jirgin ruwa a cikin leda a kan sule biyu a kantunan Woolworths, kuɗin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Jiragen sama suka biyo baya, sannan tankoki.

Amma wanda ya kafa wa tankar roba doka daga Japan ya fito. Yoshio Tamiya ya buɗe wurin tsaga katako a Shizuoka a 1946, ya koma yin samfuran katako, har roba ta kashe wannan kasuwa. A farkon shekarun 1960 ɗansa Shunsaku ya jagoranci fitar da tankar Jamus mai suna Panther, mai tafiya da batir. An yi girman cikinta ne daidai yadda zai ɗauki batura da ɗan inji. Da aka auna aka kwatanta da ta gaske, sai aka ga ta faɗa 1 bisa 35. Haka kawai, ba da wani dogon nazari ba, wannan lamba ta zama ma'aunin da kusan duk kamfanonin duniya ke bi a tankoki. Abin da ya ɗaga Tamiya shi ne naci wajen awo. Shunsaku da kansa ya riƙa zuwa gidajen tarihi irin na Bovington a Ingila da Aberdeen a Amurka da tef da kyamara, yana hawa kan tankoki yana shiga ƙarƙashinsu.

Me 1 bisa 35 ke nufi?

Abin nufi shi ne kowane tsawo a jikin abin gaske an raba shi gida 35. Mutum mai tsayin santimita 175 zai koma santimita 5 cif. Tankar T-55, wadda tsawonta har bakin igwa ya kai kimanin mita 9, za ta koma kusan santimita 26. Sulken gabanta mai kaurin milimita 100 zai koma ƙasa da milimita 3.

To ga inda lissafin ke da daɗi. Tsawo ya ragu sau 35, amma faɗin fili, wato inda fenti zai rufe, ya ragu sau 35 sau 35, wato 1,225. Girman ciki da nauyi kuwa sun ragu sau 35 sau 35 sau 35, wato 42,875. T-55 tana da nauyin kusan tan 36. Da za a ƙanƙanta komai nata da ƙarfensa, ba a canza ko ƙusa ɗaya ba, da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, kusan giram 840 ne.

Galileo na Italiya ya bayyana wannan ƙa'ida a 1638, kuma ita ce ke amsa tambayar da yara da yawa suka taɓa yi: me ya sa ba za a yi motar kara babba a shiga ba? A ce an ninka ta sau 20 ta kowane ɓangare. Nauyinta zai ninka sau 8,000, amma kaurin sandunan da ke ɗauke da nauyin, wanda shi ne ƙarfinsu, sau 400 kawai zai ninka. Kowane sashe zai ɗauki wahala ninki 20 na da. Sai ta durƙushe. Wannan dalilin ne ya sa ƙafar giwa ta yi kauri kamar turmi, ta tururuwa kuma kamar zare.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa samfuri yana faɗin gaskiya ne kawai ga wanda ya san wannan lissafi. William Froude ya gina doguwar kwatarniyar gwaji a Ingila a shekarun 1870, yana jan ƙananan jiragen ruwa a ciki, ya fitar da ƙa'idar mayar da sakamakon ƙarami zuwa babba. 'Yan'uwan nan biyu, Wright, sun gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin akwatin iska a 1901, shekara biyu kafin jirginsu ya tashi.

Gam, fenti da hazo

Gam ɗin wannan aiki ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Ruwa ne mai narka fuskar robar. Idan an shafa an haɗa ɓari biyu, sai su narke su cuɗanya, ruwan ya bushe, su zama jiki ɗaya. Walda ce, ba tare da wuta ba. Shi ya sa ake so a yi aikin inda iska ke shiga, don tururinsa ba shi da kyau ga huhu.

Fenti kuwa mataki-mataki ne, kamar na masu fentin mota. A fara da shafen ƙasa don na sama ya kama, sannan launin asali, da buroshi ko 'yar bindigar feshi mai girman biro. Launi ma tarihi ne. Misali, a Fabrairun 1943 sojojin Jamus suka bar toka-toka mai duhu suka koma rawaya mai kama da ƙasa. Wanda ya shafa wa tankar 1944 launin 1940, masana harkar za su gane nan take.

Akwai wata dabara da mutumin Katsina zai fi kowa saurin fahimta. A lokacin hunturu, dutsen da ke nesa yakan yi fari-fari, launinsa ya dusashe, saboda ƙurar da ke tsakaninka da shi tana warwatsa haske. Ko babu hazo, iska na yin haka kaɗan-kaɗan. Kallon samfurin 1 bisa 35 daga nisan mita ɗaya daidai yake da kallon tankar gaske daga mita 35, amma babu iskar mita 35 a tsakani. Don haka masu fenti da yawa sukan ɗan sirka launin da fari, su ƙirƙiro hazon da babu shi. Haka kuma inuwa: ramin da ke jikin ƙaramin abu bai da zurfin da zai yi duhu, sai a tsinka fenti mai duhu ya yi ruwa-ruwa, a bar shi ya gangara cikin lunguna. Daga nan a goga busasshen buroshi mai ɗan launi mai haske a kan gefuna su fito.

Mutane irin su Sheperd Paine na Amurka da François Verlinden na Beljiyam ne suka yaɗa waɗannan dabaru a shekarun 1970 da 1980. Daga baya aka shiga amfani da garin launi don kwaikwayon ƙura da taɓo. Garin launin nan, yawancinsa sinadarin tsatsar ƙarfe ne, wato abin da ya sa jar ƙasarmu ta zama ja. Abin da ake sayarwa a 'yar kwalba da kuɗin waje, ga shi nan a bakin hanya.

Abin da ke hannunmu, da abin da ke suɓucewa

Kwalin tankar roba daga waje ake kawo shi, da dala ake saye, ga fenti ga kayan aiki. Ga mafi yawan gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi wannan ba abin da za a sa a lissafi ba ne, kuma ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne motar kara da ta langa-langa suna ja da baya. Motocin roba masu arha sun cika kasuwa, an gama musu komai, sai ja kawai. Waya kuma ta cinye lokacin da ake zama a gindin bishiya ana feƙe kara.

Me za a rasa? Bincike ya ba da amsa. A 1960 aka yi wa ɗaliban sakandare kusan 400,000 a Amurka gwaje-gwaje, aka kuma bi rayuwarsu shekaru bayan haka. Da Jonathan Wai da abokan aikinsa suka sake nazarin bayanan a 2009, sai suka ga cewa iya juya siffar abu a cikin kai, wato mutum ya hango yadda abu zai kasance ta baya ko idan an buɗe shi, yana nuna wanda zai yi nisa a injiniyanci da kimiyya, ko bayan an cire tasirin iya lissafi da iya harshe. A 2013 kuma David Uttal da tawagarsa suka tattara bincike 217, suka nuna cewa wannan basira ana koyon ta, tana ƙaruwa da yi, kuma tana daɗewa. Yaron da ya kalli tifa sau ɗaya ta wuce, ya koma gida ya fitar da ita daga totuwa, wannan darasin yake yi ba tare da malami ba.

Ko a manyan kamfanonin mota, har gobe da laka ake fara siffanta sabuwar mota, al'adar da Harley Earl ya kafa a General Motors tun wajajen 1930. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kafin ya dawo ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Najeriya a 2017. Kuma motar sulken nan Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, hannun 'yan ƙasa ne ya zana ta ya ƙera ta.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Kurfi, Dutsin-Ma, Safana, Batsari da Ɗanmusa suna cikin ƙananan hukumomin da matsalar 'yan bindiga ta fi addaba a shekarun nan. Motocin sulke da jerin gwanon jami'an tsaro sun zama abin gani a hanya. Tunda hannu abin da ido ya gani yake kwaikwaya, ba abin mamaki ba ne uba ya tarar da ɗansa ya ɗora wa motar kara igwa. Tsawa ba za ta goge abin da yaron ya gani ba. Abin da ya fi amfani shi ne a zauna da shi a ji abin da ke ransa, sannan a ja hankalinsa zuwa ga injin: me ya sa wannan ke da sarƙa waccan ke da taya? Me ya sa gabanta ya karkace? Amsar ta biyun ma lissafi ce mai daɗi. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 100, idan aka kwantar da shi digiri 60 daga tsaye, abin da ya taho kai-tsaye sai ya ratsa milimita 200. Daga nan hanya a buɗe take zuwa katafila da tarakta da injin ban-ruwa, tunda dama dangi ne.

A gwada a wannan kakar

Abin da ɗan Shizuoka ya fi ɗan Kurfi da shi rula ce da lamba. Ido da haƙuri da iya hannu duk akwai su a nan. Malami ko uba ko yaya zai iya cike giɓin da yamma ɗaya.

A samu abin hawa da ke tsaye, a ce tarakta ko a-kori-kura ko Keke Napep, a nemi izinin mai shi. A auna tsawo, faɗi, tsayi, girman taya, da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. A zaɓi lamba mai sauƙi, kamar 20, a raba kowane awo da ita. Idan tsawon motar mita 5 ne, samfurin zai zama santimita 25. Idan tsayin taya santimita 70 ne, a yanko silifa mai santimita 3 da rabi. A zana ta a takarda ta gefe, ta gaba da ta sama kafin a taɓa kara, domin wannan zane mai fuska uku shi ne farkon abin da ake koya wa ɗalibin injiniya. Launi kuma ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga gawayi, ga karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, a kwaɓa da ɗan ƙaro. Reza dai a bar ta a hannun babba idan yaran ƙanana ne.

Dutsin-Ma gari ne mai Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai yaye malaman da za su koyar a firamaren yankin. Gasar motar kara mai ma'auni tsakanin makarantu, a yi ta bayan girbi, alƙalai su zo da rula, ba za ta ci kuɗin kirki ba. Waɗanda suka fi kyau a rubuta musu suna da shekara da ma'auni a ajiye su a kabad ɗin gilashi, saboda kara ba ya jure gara da damina.